Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Suleja: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Da an ambaci taɓin hankali, wanda ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne bawan Allahn nan mai tsumma da cukurkuɗaɗɗen gashi, da ke tsince-tsince a bakin kasuwar IBB yara na binsa da tsokana. Yana nan, kuma haƙƙinsa na wuyanmu. Amma irinsa su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa da wankakkun kaya suke yawo. Suna sahun gaba a masallaci, suna cikin mawaƙan coci, suna cikin motocin da ke barin Suleja zuwa Abuja tun gari bai waye ba. Ka gaishe su su amsa da fara'a, su koma gida su kwana ido biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa kimanin kashi 12 cikin ɗari na waɗanda aka tattauna da su sun taɓa yin irin wannan lalura, kuma cikin waɗanda abin ya yi wa tsanani, kusan kashi 8 cikin ɗari ne kawai suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken. Wannan adadi na biyu ya fi tayar mini da hankali. Ciwon da ke da magani ne, amma mutane na ɗauke da shi shekara da shekaru saboda ba a gane shi ba, ko an gane an ɓoye.

Garin da ke kwana da gajiyar Abuja

Suleja ita ce Abuja ta asali. Abu Ja ne ya kafa ta a 1828, bayan zuriyar sarautar Zazzau ta dauri ta baro Zariya a zamanin jihadi. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan, aka haɗa da babban yanki na ƙasar masarautar, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan garin ke goye da nauyin maƙwabciyarsa. Ma'aikatan da suka biyo gwamnati daga Legas a 1991, waɗanda albashinsu bai isa hayar Garki ko Wuse ba, nan suka nufo. Rusau da aka yi a unguwannin Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a zuwa Madalla da Gauraka da Kwamba da Maje.

Dubi rayuwar magidancin da ke aiki a Abuja yana kwana a Suleja. Da an sallame Asuba yana bakin titi. Zai ratsa Zuba da Dei-Dei da Kubwa, ya dawo bayan Isha'i, 'ya'yansa sun yi barci. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota na cinye kaso mai tsoka na albashinsa, ga mai gidan haya na jiran nasa. Matarsa kuwa ta yini a ɗaki ɗaya a gidan haya, cikin maƙwabtan da ba ta san asalinsu ba, uwarta na can Funtuwa ko Kontagora ko Okene.

Babu ɗaya cikin waɗannan da shi kaɗai ke haukata mutum. Amma ƙarancin barci na tsawon watanni, da bashi, da kaɗaici, suna cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna share wa ciwon damuwa hanya. 'Yan asalin gari na unguwanni irin su Magajiya da Wambai suna da garkuwar da baƙo ba shi da ita, wato dangi da zumunci. Sai dai garkuwar na da nata nauyin. Inda kowa ya san gidanku, a nan aka fi tsoron a ji cewa wani naku ya samu matsala, don kada a ƙi auren ƙannensa.

Ciwon da ke ɓuya a cikin jiki

Ka tsaya a kemis na unguwa da yamma, za ka ga wannan. Mutum ya shigo a gajiye ya ce, "Malam, haɗa mini na maleriya da taifot." Mai kemis ya ƙirga ƙwayoyi a 'yar farar leda, ya ce a sha biyu da safe biyu da dare. Bayan sati uku ga shi ya dawo da ƙorafi iri ɗaya: kai na zafi kamar ana hura wuta a tsakiyarsa, wani abu na yawo a jiki, gaba na faɗuwa, abinci ba ɗanɗano, barci ya ƙaurace tun ƙarfe biyun dare. An yi gwajin jini ba a ga komai ba, ko an ga ɗan abin da bai kai ya kawo ba aka ɗora masa laifi.

Sau da yawa wannan ciwon damuwa ne. A wurinmu ba kasafai mutum ke zuwa asibiti ya ce yana cikin baƙin ciki ba. Jikinsa yake kawowa. Ba ƙarya yake yi ba kuma. Ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa barci da cin abinci da bugun zuciya, don haka idan ta jigata jiki ne ke fara kuka.

Bambancin ciwon damuwa da ɓacin rai na yau da kullum shi ne daɗewa da kuma ɓarnar da yake yi. Likitoci na duba ko mutum ya kai sati biyu, kusan kullum, cikin ƙunci ko rashin sha'awar abin da a da yake so, tare da sauyin barci da na ci, kasala, kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba. Mai wannan ciwo kamar tulu ne mai siririyar tsaga: a ido lafiyarsa ƙalau, amma ka cika shi da dare, da safe ka tarar ya tsiyaye. Shi ya sa faɗa masa "daure mana, kai ba namiji ba ne?" ba ya ƙara masa komai sai jin kunya. Ciwon ya fi kama mata, amma maza sun fi ɓoye shi, kuma nasu yakan fito ta saurin fushi: tsawa a gida, faɗa da kwandasta kan canji, saki a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ƙanwar ciwon damuwa ita ce fargaba mai tsanani. Wani haka kawai zai ji zuciyarsa na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, gumi ya karyo, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Cikin mintuna abin ya lafa. A auna zuciya a tarar lafiya lau. Irin wannan na da magani, kuma wani lokaci bayani kawai daga wanda ya san abin kan rage tsoronsa sosai.

Abin da bama-bamai da gobara suka bari

Suleja ta ga tashin hankalin da garuruwa da yawa ba su gani ba. Ranar 8 ga Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garin, ya kashe mutane fiye da goma, ciki har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar aka kai hari cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, gomman masu ibada suka mutu. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta yi bindiga a mahaɗar Dikko, a ƙaramar hukumar Gurara, mutum fiye da 80 suka ƙone. Tsakanin waɗannan ga satar mutane a hanyar Kaduna da ƙauyukan jiharmu, wadda ta koro iyalai da yawa zuwa cikin gari.

An ƙirga gawarwaki, an yi jana'iza, an yi ta'aziyya. Waɗanda ba a ƙirga ba su ne waɗanda suka ɗauki gawarwakin, da ɗan acaɓan da ya tsira da ƙuna a hannu, da matar da ta yi wata biyu a daji kafin a biya kuɗin fansa. Yawancin mutanen da suka ga irin wannan masifa suna farfaɗowa da kansu cikin makonni, da taimakon dangi da addu'a. Amma wasu abin ba ya sakinsu. Hoton na dawo musu a farke da cikin mafarki. Tayar mota ta fashe su zabura su nemi wurin ɓuya. Warin fetur ko na ƙonannen abu ya sa su amai. Su daina bin hanyar da abin ya faru ko da za su yi dogon zagaye. Idan wannan ya wuce wata ɗaya yana hana mutum harkokinsa, to ya zama ciwon razana da ke bukatar ƙwararre.

Wanda aka karɓo daga hannun masu garkuwa, a daina tara masa 'yan jaje suna sa shi maimaita labarin tun daga farko, kowa da tambayarsa. A bar shi ya faɗa lokacin da ya so, ga wanda ya so. Matan da aka dawo da su kuma, kallon tuhuma da raɗe-raɗin unguwa sukan yi musu raunin da ya fi na dajin daɗewa.

Mai jego

Iyayenmu sun tsara wa mai haihuwa gata: goyon ciki a gidan iyaye, kwana arba'in na jego, tsohuwa a gefe tana karɓar jariri don uwa ta runtsa. Amaryar da aka kawo gidan haya a Gauraka sau da yawa ba ta samun wannan. Bayan suna kowa ya watse, miji ya koma sammakonsa, ta rage daga ita sai jariri mai kuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan yi fama da lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. 'Yar ƙwalla da sauyin yanayi na kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yana wucewa kafin sati biyu. Wanda ya zarce haka, uwa ta daina cin abinci, ta ji ba ta ƙaunar abin da ta haifa, ta riƙa zargin kanta, shi ke bukatar kulawa. Akwai kuma wani mai hatsari da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu: cikin kwanakin farko ta daina barci gaba ɗaya, ta shiga sambatu, ta ce jaririn ba nata ba ne ko ana so a kashe shi. Wannan na gaggawa ne daidai da zubar jini. A ranar za a kai ta asibiti, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jaririn. Mafi yawansu suna warkewa sarai.

Ƙwaya: wani lokaci sanadi, wani lokaci alama

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su bar unguwanninmu ba.

Gaskiya ne ƙwaya na taɓa hankali. Yawan shan wiwi tun ana ƙuruciya na ƙara hatsarin jin muryoyi da mummunan zargi, tiramol kuma na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma ka tambayi yadda aka fara. Lebura ya sha don ya iya yinin aiki. Matar aure ta sha don ta sami barci a gidan da ba ta da kwanciyar hankali. Idan aka raba mutum da ƙwayar aka bar abin da ya kai shi gare ta, zai koma. Kuma ba duk saurayin da ya rikice ne ɗan ƙwaya ba. Wannan zargin ya sa an yi wa yara marasa lafiya da yawa dukan da ba su ci ba.

Aljanu ne, sammu ne, ko ciwo?

A nan ne gidaje ke rabuwa biyu. A 2004 wasu likitoci daga Kano suka wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce shaye-shaye, sai masu cewa hukuncin Allah ne, sai masu cewa sihiri ko iskoki. Kashi 46 cikin ɗari suka ce asibiti za su nufa, kashi 34 suka zaɓi maganin malamai da addu'a. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne mutanenmu ba su rufe ƙofar asibiti ba, kuma ba za su saki malamansu ba. Duk mai son taimakonsu dole ya san da wannan.

Ni ban ga dalilin da za a ce sai an zaɓi ɗaya ba. Wanda ya karye a hatsarin babur ana yi masa addu'a kuma ana ɗora shi. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce. Malaman Musulunci na farko sun san haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan kula da lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya danganta na biyun da jiki. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Don haka cewa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni zalunci ne, kuma yana sa masu ibada su fi kowa ɓoye ciwonsu.

A ɓangaren likitoci ma an daɗe da gane amfanin haɗa hannu. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, a 1954: majinyata na zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa masu taɓin hankali da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na zuwa suna ba su magani a can.

Matsalar ita ce jinkiri. A yi wata shida ana ruƙiyya, a koma wurin mai hayaƙi, a tafi wani gari wurin wani fasto ko boka, a sayar da fili, sai an ƙare kaf a tuna da asibiti. Alhali an tabbatar cewa ciwon da ke sa jin muryoyi da ganin ana bin mutum da sharri, gwargwadon saurin fara maganinsa gwargwadon kyan sakamakonsa. Wata rikicewar ma ba taɓin hankali ba ce sam. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, faɗuwar sukari, buguwar kai a hatsari, duk suna sa sambatu, kuma suna kisa cikin kwanaki. Duk wanda ya rikice farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko jijjiga, ko bayan faɗuwa, asibiti ne farko, a yi masa tofi a hanya.

Akwai abu biyu kuma da ake yawan jingina wa iska. Farfaɗiya ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. A kwantar da mai ita ta gefe, a kawar da wuta da ruwa daga kusa da shi, kada a cusa masa cokali a baki. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana fita da dare tana ambaton matattu, ruɗewar tsufa ce ke damunta. Ba mayya ba ce.

Malamin kirki ana gane shi da abu uku: ba ya duka, ba ya hana shan maganin asibiti, ba ya nuna maka wata kishiya ko wani ɗan'uwa ya ce shi ya yi jifan.

Mari, sarƙa da abin da doka ta ce

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Cikin makonni aka gano irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Akasarin mutanen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba don ƙiyayya ba. Sun rasa yadda za su yi ne. Wannan bai sa ɗaurin ya zama magani ba. Sarƙa na cin ƙafa, duka na ƙara wa mai zargi tabbacin cewa ana son halaka shi.

Shekaru da dama dokar da ke aiki a ƙasar nan ita ce ta mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, kuma tsarewa ta sa a gaba, ba warkarwa ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ta amince cewa mai lalura na da haƙƙin a kare shi daga azabtarwa da wulaƙanci, da nuna bambanci wurin aiki ko gidan haya, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba. Sai dai ƙananan asibitocin da talaka ke zuwa na hannun jiha da ƙaramar hukuma, saboda haka ko dokar za ta iso Maje da Kurmin Sarki, ya danganta da abin da gwamnatin jiha a Minna da sakatariyar ƙaramar hukumar Suleja suka sa a kasafinsu.

Tsoron da ke yaɗuwa a taro

A ƙarshen daminar 2023 an yi ta kururuwar satar mazakuta a garuruwan da ke kewaye da Abuja. Rundunar 'yan sandan birnin ta karɓi gomman ƙorafe-ƙorafe, an lakaɗa wa mutane duka, wasu masu ƙorafin kuma suka ƙare a kotu bayan an duba an ga babu abin da ya ɓace. Masana sun san wannan firgici a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mai ihun sau da yawa ya gaskata abin da yake ji, domin tsoro mai tsanani na sa gaba ya tsuke na ɗan lokaci. Wanda ke biyan farashin shi ne baƙon da ya yi musabaha, ko mai taɓin hankalin da ya kasa bayanin kansa a tsakiyar taro.

Idan mutum ya ce ya gaji da rayuwa

Mun taso da jin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai sirrin da riƙe shi mutunci ne, akwai kuma wanda riƙe shi ke kisa. Fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, kuma da yawansu sun furta wata magana kafin nan: "gara in huta", "ku yafe ni", "na zame muku kaya". Wani ya fara rarraba kayansa ko biyan ƙananan basussuka ba gaira ba dalili.

Kada ka tare shi da wa'azin wuta. Ya san hukuncin, abin da ya rasa shi ne mafita. Ka ja shi gefe, ba a tsakiyar majalisa ba. "Yaya, kwana biyu ba ka fitowa, kuma maganar da ka yi jiya ta tsaya mini a rai. Tunanin kashe kanka na zo maka ne?" Bincike ya nuna tambaya kai tsaye ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, abin da ya daɗe yana sa iyalai ɓoye mutum maimakon nema masa magani, kuma likitocin ƙasar nan sun yi shekaru suna kiran a soke shi. Ina tare da su.

Sauraro kansa aiki ne da ake koya. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Muna da irin waɗannan mata a kowace Islamiyya da kowace zumuntar mata ta coci a Suleja. Horon ne babu.

Ina za a je, me kuma zai biyo baya?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wasu na ficewa waje. Duk da haka mutumin Suleja ya fi na wurare da yawa sa'a. A fara da babban asibitin gari ko likitan da aka saba gani, a faɗa masa komai, har da rashin barci da tunane-tunane, a nemi takardar turawa idan ta kama. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna da sashen ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa shi ne na Barnawa a Kaduna. A tafi da wanda ya san farkon ciwon, da duk magungunan da aka sha, na kemis da na gargajiya. Yawancin majinyata ba a kwantar da su. A duba su ne su koma gida.

Maganin damuwa ba ya aiki a kwana ɗaya. Yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan an ji sauƙi. Babban abin da ke dawo da ciwo shi ne a ce "ai ya warke" a ajiye magani. Idan wani maganin ƙwaƙwalwa yana sa yawan barci, ko sanƙarewar wuya, ko dalalar yawu, a koma a faɗa wa likita ya rage ko ya sauya. Ga mai ciwon jin muryoyi da ke wahalar shan ƙwayar magani kullum akwai allurar wata-wata. Wanda ya samu sauƙi a mayar da shi shagonsa ko makarantarsa, a ci abinci da shi a kwano ɗaya, a daina yi masa magana kamar yaro. Dangi su riƙe alamar farko ta dawowar ciwon, wadda a wurin mutane da yawa ita ce kwana biyu ko uku ba barci.

Sai maganar aure, wadda ita ce tushen yawancin ɓoye-ɓoyen. Gado na da hannu a wasu cututtukan, amma ba yadda ake zato ba: ko a ciwon jin muryoyi, idan ɗaya cikin iyaye na da shi, kusan tara cikin goma na 'ya'yan ba sa kamuwa. Mai lalurar da ke shan magani na iya aure ya riƙe gida. Abin da ke rusa irin wannan aure shi ne a rufe wa ɗaya ɓangaren, amarya ta tare ta daina shan magani don kada miji ya gani, bayan wata uku ciwo ya tashi a gidan da ba wanda ya san me ake ciki. A sanar da wanda za a aura da waliyyinsa tun kafin a sa rana. Macen da ke kan magani kuma ta gaya wa likita da zarar tana shirin ɗaukar ciki, domin akwai magungunan da ke cutar da ɗan tayi, akwai waɗanda za a iya musanya mata da su, kuma tsayar da magani da kanta na iya tayar da ciwon a daidai lokacin jego.